Awon Bayan Wendell

Talata, 5 ga Satumba

Yau na buɗe tulin wasiƙun da na yi watsi da su tun jana'iza. A cikinsu na tsinci takardar izinin farauta: barewar elk guda ɗaya, tamace, a Kwarin Haskell, daga goma sha huɗu ga Oktoba. Sunana ne a kai. Ashe Wendell ya saka ni a ƙuri'ar raba izinin tun watan Mayu, yana kishingiɗe a kujerar falo da robar iska a hanci, bai ce mini uffan ba. Shekara talatin da ɗaya muna saka sunayenmu tare, ni da mijina. Bana nawa kaɗai ya saka, kuma sai bana ƙuri'ar ta ga damar faɗowa kaina.

Na zauna a ƙasan kicin da takardar a hannu har kofi ya huce. Ba kuka na yi ba, haushi na ji. Mutum ya san tafiya zai yi, amma sai da ya bar mini aiki.

Alhamis, 7 ga Satumba

Shawna ta kira daga birnin Boise, ni kuma bakina ba ya riƙe magana, na gaya mata. 'Yar cikina ce, amma in ta fara mini faɗa sai ka ce ita ta haife ni. Wai in mayar da takardar, wai shekaruna hamsin da tara, wai ɗakin da ke saman garejinsu yana nan yana jirana. Na ce mata ko babanta bai kai ni iya harbi ba, kowa a garin nan ya sani.

Ta ce, "Na sani, Mama. To wa zai ɗauko naman?"

Na ce girkina na ƙonewa, na kashe wayar. Babu komai a kan wuta.

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Mota ba ta shiga Haskell. Daga inda ake barin a-kori-kura zuwa gindin kwarin mil uku ne, a dawowa rabinsa hawa, dabbar kuwa ta kusa girman doki. Duk abin da zai fito, a bayan mutum zai fito. Ni ke harbi, tare muke fiɗa, amma cinyoyi da kafaɗu Wendell ke goyowa, sawu huɗu. Ni naman gadon baya da na wuya nake zubawa a 'yar jakata ta guzuri, in biyo shi ina surutu. Ban taɓa ɗaukar cinya ba ko sau ɗaya.

Saura ƙunshi biyu na naman bara a firiza, da rubutun hannunsa a kai. Ba zan ci su ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Na sauko da jakar goyonsa daga gareji. Har yanzu tana warin hayaƙi da tsohon jini da shi kansa. Irin ta da ce, mai ƙarfe, da 'yar kanta a ƙasa inda nama ke zama. A bayan 'yar katifar da ke jingina da gadon baya akwai ramuka bakwai a jere, kamar na bel, da ƙusa guda mai riƙe maratayan kafaɗa. Gwargwadon tsawon bayanka, gwargwadon ramin da za ka sa ƙusar. Tasa tana rami na bakwai, na can sama, tun ranar da ya sayi jakar shekara ashirin da suka wuce, har ta yi tsatsa a wurin. Ban ɗaga katifar na duba ba. Na san abin da ke ciki.

Na goya ta a gaban madubi. Wendell dogo ne, ni ko haɓarsa ban kai ba. Bel ɗin da ya kamata ya zauna a ƙugu ya sauka kan cinyoyina, ƙarfen ya wuce kaina da taki guda. Kamar yarinya ta saka rigar ubanta. Da yana nan da ya yi dariya har tarin nan nasa ya taso.

Dokarsa ɗaya ce a dawa, kuma ya maimaita ta har na gaji da ji: abin da ka kashe, kai za ka ɗauko, duka. Yana alfahari da cewa bai taɓa barin ko cikin hannu na nama ya lalace ba. Ni ma ina alfahari da hakan, ban dai taɓa gaya masa ba don kada kansa ya ƙara girma.

Litinin, 11 ga Satumba

Na je shagon kayan farauta, wai dubawa kawai. Marlys ce ke tsaron shagon. Tun firamare muke tare, kuma tun firamare ba ta iya rufe baki ba.

"Kai, yau wace rana! Gwauruwa ta fito daga rami. Juya mini baya, tsohuwa."

Ta sa na sunkuyar da kai, ta laluba ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya, ta ja tef daga nan zuwa saitin ƙashin ƙugu. Inci goma sha shida. Ta ce tsayin mutum ba shi ne magana ba, tsayin baya ake aunawa, kuma rabin mazan garin nan suna yawo da jakar da ta fi su don kunyar a ce su gajeru ne.

Jaka uku ta fito mini da su. Ta farko ba ta da nauyi ko kaɗan, amma kuɗinta ya kusa dala ɗari bakwai, na ce ta mayar tun kafin in shaƙu da ita. Ta biyu aljihu ne ko'ina, ta ce ta masu zuwa ɗaukar hoto ce, ka ɗora mata cinya ta lanƙwashe. Ta uku ƙarama ce, ruwan toka, ba kyau ba ado. Jikin jakar yana buɗewa daga ƙarfen, a sa nama a tsakiya ya manne da baya, a ɗaure. Ta zuba buhun yashi laba hamsin, ta goya mini, ta ɗaure bel ɗin tamau har na yi nishi, sannan ta ja wasu ƙananan igiyoyi biyu a saman kafaɗa. Ta ce ƙugu ke ɗaukar kaya, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar faɗawa baya. In na ji nauyi a kafaɗa, to jakar ba tawa ba ce.

Na zaga shagon sau uku, na hau bene na sauko. Laba hamsin, kuma ina tafiya a miƙe. Ta zauna mini daidai kamar don ni aka yi ta, abin da ya tsorata ni ke nan. A gaban kantar harsashi na tsaya na ga kaina a gilashi, mace ita kaɗai da jakarta, ba ta bukatar kowa. Na kwance bel ɗin na ce zan yi shawara.

Marlys ta ce, "Da wa?" Sai ta ji abin da ta faɗa, ta shiga gyara kayan da ba su bukatar gyara.

Laraba, 13 ga Satumba

Ban fita ba. Ruwa.

Asabar, 16 ga Satumba

Mun yi faɗa da Marlys, kuma laifina ne.

Na kai mata jakar Wendell don ta canja mini igiya ɗaya da ta tsinke. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa ƙarfen, ta ce ai wannan ta fi duk abin da ke shagon, ba sai na sayi komai ba. A sauko da ƙusar daga rami na bakwai zuwa na uku, shi ke nan, aikin minti biyu. Ta ɗauko filaya, ta sa yatsa za ta ɗaga katifar. Ban san lokacin da na fizge jakar ba.

Na ce kar ta taɓa. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, in ban gyara yanzu ba zan gyara a kan dutse ina kuka. Na ce awon bayansa ne. Rigunansa na bayar, takalmansa Shawna ta kwashe, kujerarsa ma ta daina riƙe shatinsa. Wannan ƙusar ita kaɗai ta rage a duniya da ta san tsawon bayan Wendell.

"Lorna, jaka ce fa. Ba kabarinsa ba ne."

Na ce mata wadda ta yi aure uku ba ta riƙe ko ɗaya ba, ina za ta san zafin rashin miji. A gaban mutane na faɗa. Ta ajiye filayar a hankali, ta koma bayan kantar shagon. Marlys da yin shiru, ban taɓa gani ba sai yau.

Alhamis, 21 ga Satumba

Kowace safiya ina hawan tudun bayan gida da jakarsa, da buhun gishirin shanu a ciki. Na naɗe tawul biyu a kafaɗu don su cike gurbin. Ƙasan ƙarfen yana dukan bayan cinyata kowane taku, bel ɗin yana zamewa. Jiki zai saba.

Lahadi, 24 ga Satumba

A coci an yi waƙar da aka yi ranar jana'izarsa, na fito kafin a gama.

Wani abu ya dawo mini a mota. Cikin watan Mayu, ina wanke-wanke, ya lallaɓo bayana yana jan tukunyar iskarsa. Na ji ya ɗora yatsa a gindin wuyana, ya ja zaren da muke ɗaure nama da shi zuwa ƙuguna. Na ce me kake yi, Wendell? Ya ce akwatin gawata yake aunawa, don ya lura na fi shi alamun tafiya. Na watsa masa ruwan sabulu. Ina jin ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi sosai.

Sau nawa ya fara cewa, "Lorna, idan ba na nan," ni kuma in miƙe in ce na bar abu a wuta. Ya gwada a falo, ya gwada a mota, ya gwada a asibiti. A ƙarshe ya daina gwadawa. A lokacin gani nake ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Yanzu ban sani ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na dawo na tarar da jakar nan ruwan toka a bakin ƙofa, da takarda a maƙale: "Aro ne, ba sulhu ba. Har yanzu ina fushi. M."

Na shigar da ita don kar ruwa ya taɓa ta.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na haɗa kaya. Bindiga, wuƙaƙe biyu, buhunan yadi na nama, igiya, akwatunan ƙanƙara uku. Jaka biyu a jingine a bango tun safe, ina wucewa ina hararar su. Na san wadda hankali zai ɗauka. Amma wannan takardar shi ya nema, kuma jakarsa ba ta taɓa fashin shekara ba. In na bar ta a gida, na bar shi a gida ke nan.

Shawna ta kira, ta ce ta ɗauki hutu za ta zo ta raka ni. Na ce Marlys za ta bi ni. Ƙarya ce, kuma ta fito mini a sauƙaƙe har na ji kunya.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na kafa tanti a inda muka saba. Zafi kamar watan Agusta, ko ɗigon dusar ƙanƙara babu a kan tsaunuka. Wendell ba ya son irin wannan yanayin, yakan ce rana ta fi kerkeci cin nama. Na dafa kofi a tukunyar mutum biyu, na zubar da rabi.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na samu. Rana na fitowa bareyin suka sauko shan ruwa a gindin kwarin, su tara. Harbi ɗaya, ta yi taku huɗu ta kwanta. Na juya in kalli fuskarsa kamar kullum.

Fiɗa ni kaɗai ta kai ni har ƙarfe ɗaya. Ba mai riƙe ƙafa, sai igiya da itace. Ƙudaje da rina suka taru tun ban gama ɓangare ɗaya ba. Na raba ta yadda muka saba, cinya biyu, kafaɗa biyu, buhu ɗaya na gadon baya da wuya, na rataye su a inuwa. Na cire haƙoran nan biyu na sama irin waɗanda Wendell yake tarawa a kwalba, na sa a aljihu.

Cinya ake fara fitarwa, haka ya koya mini, don ita ce mai kauri, zafi yana daɗewa a jikin ƙashinta, kuma da ƙarfin farko ake ɗaukar ta. Na ɗaura ɗaya a kan kantar jakarsa, na zauna na zura hannuwa, na yi rarrafe na kama itace na miƙe. Tun taku na goma na gane. Bel ɗin ya zame, nauyin gaba ɗaya ya koma kafaɗuna, laba sittin da wani abu. Ƙarfen yana tura ƙeyata, ban iya ɗaga kai in ga hanya ba. A duƙe na hau tudun nan, ina kallon takalmina. Na faɗi sau biyu. A na biyu na daɗe a kwance kamar kunkurun da aka kifar, ina zagin Wendell, ina zagin Marlys, ina zagin duk wanda ya ƙirƙiro farauta.

Tafiyar da yake yi cikin awa biyu, awa biyar ta ɗauke ni. Kafaɗuna sun saluɓe, rigar ta manne da jini. Hannuna na hagu ya mutu tun rabin hanya, har yanzu yatsu uku ba sa ji. Amma cinya ɗaya tana cikin ƙanƙara. Saura sawu huɗu.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na isa wurin da hantsi. Na ɗaura cinya ta biyu, na gwada miƙewa sau uku, kafaɗar ta ƙi. Da maratayan suka taɓa ciwon sai da na ga duhu. Na kwance ta na mayar kan itace, na ɗauki buhun gadon baya, shi ne mara nauyi. Na ce gobe.

Na san ya kamata in tsaga cinyar har ƙashi don ta sha iska. Na sani sarai. Hannun ba ya riƙe wuƙa, kuma na gaji, kuma na ce dare zai yi sanyi.

A kan tudu waya takan kama. Na tsaya a wurin da wayar a hannu, sunan Marlys a gabana. In ce mata me? Na mayar aljihu. Na kuma tuna ƙusar, ban ce ban tuna ba. Na ce wa kaina ai ta yi tsatsa, ko na so ba za ta fita ba.

Sawu ɗaya na iya yi. Rana ta yi zafi har yamma.

Litinin, 16 ga Oktoba

Tun daga nesa hankaki suka gaya mini, sannan hanci. Na sauke cinyar, na tsaga ta gefen ƙashi. Ciki ya yi kore-kore, yana wani tsami mai hawa kai. Ta lalace tun daga ƙashi, ba abin da za a yanke a ceta. Kafaɗun biyu ba su da kauri, sun tsira, amma ba za su ƙara kwana biyu a wannan zafin ba.

Na zauna a ƙasa kusa da ita na yi kukan da ban yi ba tun Yuni. Shekara talatin da ɗaya bai ɓata ko cikin hannu ba. Ni shekara ɗaya aka bar mini, na ɓata rubu'in dabba. Ta sauko shan ruwa ne da 'yan'uwanta, na kashe ta, na bar ta ta ruɓe a kan itace saboda taurin kaina. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Da kukan ya ƙare, kafaɗu biyu suna nan a rataye suna jirana. Na jawo jakar, na nemo dutse da zan doke ƙusar da shi, na ce masa ya yafe mini. Na ɗaga katifar.

Babu tsatsa. An kankare ta tas, an shafa mata man bindiga, har yanzu da ɗan ƙamshinsa. Da yatsu biyu na zare ta, da hannun da ke ciwo ma. A gefen rami na uku an karce ƙarfen da bakin wuƙa, layi ɗaya, da harafin farko na sunana. Layin a karkace yake, don a watan Mayu hannunsa ya riga ya fara rawa.

Zaren nan. Akwatin gawa, in ji shi.

Ya auna ni, ya kankare tsatsar shekara ashirin da numfashin da ba shi da shi, ya sa alama, amma bai matsar da ƙusar ba. Ya bar mini in matsar da kaina. Ko kuwa shi ma ya kasa ne, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya so ya gaya mini, ni kuma kullum akwai abin da na bari a wuta. Marlys ta kai yatsa kan katifar nan wata guda da ya wuce. Da na bar ta ta ɗaga, da mun gani tare, da cinyar tana cikin ƙanƙara. Da-na-sani ƙeya ce.

Na sa ƙusar a rami na uku. Na ɗaura kafaɗa ɗaya, na ɗaure bel, ya zauna a kan ƙashin ƙugu ya tsaya cak. Na miƙe ba tare da na kama itace ba. Maratayan ko taɓa ciwon ba su yi sosai ba. Awa biyu da rabi ina bakin mota, na sha ruwa, na koma na ɗauko ta biyu kafin rana ta faɗi.

Ban ji daɗi ba. Duk sauƙin da na ji, sai ya ƙara mini baƙin ciki.

Talata, 17 ga Oktoba

Na koma na ɗauko ruɓaɓɓiyar. Ba wanda zai ci, ba wanda ya gani, dila ma zai gode in na bar masa. Amma dokarsa ta ce a ɗauko duka.

Nauyinta ɗaya da wadda ta kayar da ni ranar Asabar. A miƙe na hau tudun da ita, ina ganin hanya, ina ganin tsaunuka, warin yana bina. A wurin da na faɗi na biyu har yanzu akwai shatin jikina a ƙasa. Awa uku. Na binne ta a bayan gareji da na dawo gida.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na mayar wa Marlys jakarta, da takardar farashin a jiki. Na ce mata abin da na faɗa ranar nan, ƙazamin baki ne, ta yafe mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na yi kama da abin da kare ya tono. Ta rufe shagon da rana tsaka ta biyo ni gida da wuƙaƙenta.

Mun yanka, mun niƙa, mun ƙunshe har la'asar. Ta ƙirga ta ga cinya ɗaya ce, ta kalle ni, na gaya mata komai. Na ɗauko jakar na ɗaga katifar. Ta daɗe tana shafa layin da yatsa, sannan ta zaro tef daga aljihu ta auna daga bel zuwa ramin.

"Sha shida cif. Da zaren ɗaure nama, tsohon banza." Ta share hanci da bayan hannu. "Ni da na yi uku, ko ɗaya bai san lambar takalmina ba."

Muka yi dariya, muka yi kuka, muka koma kan nama. Ita ta rubuta kwanan wata a kan ƙunshin, don hannuna bai gama dawowa ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na gaya wa Shawna gaskiya, har ƙaryar da na yi mata. Sai ta ce, "Mama, kin ci abinci?" Ba ta ambaci ɗakin saman gareji ba. Na ce ta zo ta ɗauki nama, amma bana kaɗan ne.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta sauka jiya, ta makara da mako uku.

Haƙoran biyu suna cikin kwalbarsa. Firiza ta cika sai gurbi ɗaya a gefen dama, daidai cinya, ban sa komai a wurin ba. Jiya na dafa ɗaya daga cikin ƙunshinsa biyu, don in an daɗe sanyi zai ɓata su, shi kuma ba ya son ɓarna. Na ajiye takardar da ya yi rubutu a kai.

Na wanke jakar na shanya. Niyyata tun a kwarin in na dawo in mayar da ƙusar rami na bakwai, yadda ya bar ta. Yau na ɗaga katifar, na duba, na ƙara mata mai, na rufe. Hannuna ne bai gama warkewa ba. Na rataye ta a ƙugiyar ƙasa, don tasa ta yi mini nisa sai da kujera.

Marlys ta ce a watan Mayu ake buɗe ƙuri'a, wai ita ba ta iya harbi ba amma ta iya riƙe ƙafa. Na dai rubuta a kalanda. Rubutu ba alkawari ba ne.